Takalmi Lamba Arba'in da Bakwai

Ku yaran nan masu zama a bakin shagon caji kuna kallon ƙwallo a waya, na ji sunan da kuka raɗa mini. Wai Baba Mai Wankin Jesi. Na gode, Allah Ya saka. Wanda ya fara faɗa ma na san shi, na kuma san ƙafar ubansa, don ni nake gyara masa takalmi tun yana taka gefe ɗaya kamar agwagwa. Kunnena ya yi nauyi, amma ba a kan zagi ba. Tunda jikata ta bar mini ragowar littafinta na makaranta, bari in rubuta muku abin da mai kula da kayan 'yan wasa yake yi. A aji huɗu na tsaya a firamare, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya taso ya same ni.

Shekara shida na yi a ɗakin kaya na ƙungiyar ƙwallon wata kwaleji a Dubai. Sunan kwalejin ba zan rubuta ba. Ban san hannun da takardar nan za ta faɗa ba.

Gyaran takalmi na gada a Fagge, amma abin da ya kai ni can ɗaurin kaya ne a wani ofishin kargo a Al Buteen. A 2009 kasuwa ta kwanta. Kwantenar da take cika cikin kwana uku sai ta yi wata tana hamma, maigidana kuma ya fara kallona kamar kujerar da ta yi yawa a shago. Wanda bai zauna a can ba ba zai gane ba: aikinka shi ne bizarka, bizarka ita ce zamanka. Ranar da aiki ya ƙare, sai ka fara sallama da mutane.

Ina zaune a ƙofar masallaci bayan la'asar ina ɗinke silifas ɗina da basilla, sai wani mutum mai tumbi ya tsaya a kaina. Issifu sunansa, mutumin Zangon Kumasi.

"Bakano, wa ya koya maka wannan ɗinki?"

"Ubana."

"Ka iya ɗinka but na 'yan ƙwallo?"

"Na ɗinka wa soja, balle ɗan ƙwallo."

"Chale, abokina, bakinka ya yi yawa. Zo gobe. Ka taho da allurar nan."

Na ɗauka ɗan damfara ne. Sai da na ga tambarin kwaleji a kan sabuwar biza sannan na daina kwana da fasfo a cikin wando.

Hura ƙwallo shi ne aikin farko da ya ba ni. Ya zube mini buhu guda, ya miƙo famfo da allura, ya tafi shan shayi. Na ce a raina, wannan ma aiki ne? Na hura su tam, kowace kamar dutsen niƙa. Ya dawo ya danna ɗaya da babban yatsa, ya kwashe su ya zuba a tsakiyar fili cikin rana, ya ce mu je mu ci abinci. Da muka dawo biyu sun buɗe a ɗinki, sauran kuma in ka buga sai ka ji abin har ƙugu.

"A ɗakin sanyi ka hura, a cikin wuta za a buga," in ji shi. "Iska tana kumbura. Ka bar mata wuri, shwaiya, ɗan kaɗan."

Daga ranar na koyi jiƙa allura kafin in soka, na koyi sakin ƙwallo daga kafaɗa: in ta dawo daidai ƙugu, ta yi. Akwai ɗan agogon awon iska a ɗakin, amma Issifu bai yarda da shi ba, wai abin da kake son ji yake faɗa maka.

Wankin da kuke yi mini dariya a kai ma, wa a cikinku ya san cewa da rani ruwan famfo a Dubai da zafinsa yake fitowa? In ka zuba jesi a inji da azahar, lambobin baya sai su ɗaye su manne da juna, mai lamba takwas ya fito ba ya da komai. Da sassafe ake wanki, a juye ake sa riga, fari daban, ja daban. Wannan na ƙarshe da kaina na gano shi, ranar da na haɗa jajayen safa da fararen gajerun wanduna. Ƙungiya guda ta shiga fili da wando ruwan hoda. Abokan karawa suka wuni suna kiran kyaftin ɗinmu amarya.

Sai haƙoran takalmi, waɗannan 'yan ƙusoshi da ke ƙarƙashin but. Ku saurara nan, don labarin a kansu yake. Akwai na roba, akwai na ƙarfe, ana ɗaurawa ana kwancewa da ɗan mabuɗi. Ciyawar gaske mai laima tana son ƙarfe. Ciyawar roba kuwa an hana ƙarfe a kanta, yana yaga ta, yana kuma murɗe gwiwa. Shi ya sa kafin a shiga alƙalin wasa yake jera 'yan wasa ya ɗaga ƙafar kowa ya leƙa, kamar mai sayen jaki. Wanda ya wuce wannan, mai kaya ya miƙa katinsa na ɗalibi a tebur, ya sa hannu cewa mai katin ne ya shiga. Katunan a wajen mai kaya suke zama, cikin wata 'yar jakar fata. Wanda ya miƙa, shi ya shaida.

Issifu ya iya aiki, amma ku san irin malamin da na samu. In baƙi za su zo wasa filinmu, sai ya jiƙa bakin ragar da golansu zai fara tsayawa har ta zama fadama. Ƙwallayen da zai ba su na motsa jiki masu laushi ne, na wasa kuma masu tauri. Na'urar sanyin ɗakinsu yakan murɗa ta har ƙarshe, su fito suna atishawa. Yana gamawa ya yi alwala ya shiga sahun gaba.

Ita ƙungiyar, wani malamin lissafi ɗan Indiya ne ya kafa ta shekarar da na zo, mutumin kirki wanda kurket kaɗai ya sani. 'Yan wasan 'ya'yan masu hali ne: Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Iran, da 'yan Najeriya biyu da suke yi kamar ba su ji Hausata ba. Shekarar farko duk wanda ya zo sai ya ci rabonsa ya tafi. Akwai ranar da golanmu ya gaji da sunkuyawa ya ce in kawo masa kujera. Nasararmu ta farko a shekara ta biyu ta zo, ranar da motar abokan karawa ta ɓata hanya suka iso su tara. Da ƙyar muka ci su ɗaya. Mudir, wato shugaban kwalejin, ya sa aka buga hoton ƙato aka rataye a ƙofar shiga. Su taran ba su fito a hoton ba.

A shekara ta uku aka shuka mana ciyawar gaske, aka ɗauko koci wanda ya taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa. Yara suka fara zuwa atisaye kafin lokaci, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Muka fara cin mutane su goma sha ɗaya cif. Kyaftin ɗin nan da aka kira amarya, Bafalasɗine ne, ya zama bango a baya. Golan kujera ya rage tumbi ya koyi tashi sama. A 2013 muka ɗauki kofin kwalejoji. Kofin bai fi butar shayi girma ba, amma ni nake goge shi duk Alhamis, kuma ba na barin kowa ya taɓa da hannun maiƙo.

To ga ciwon ƙwallon kwaleji, wanda masu kallo a waya ba su sani ba. Yaro ya zo bai iya ɗaure igiyar takalmi ba, ka yi shekara uku kana fama, ranar da ya iya ƙwallo ranar za a miƙa masa takardar gama karatu ya hau jirgi. Bayan kofin nan bakwai suka tafi rana ɗaya. Kocin ya bi su. Issifu ma kwalejin da ke tsallaken titi, manyan abokan hamayyarmu, suka janye shi, wai sun ba shi ɗaki shi kaɗai a International City. Aka bar ni da mabuɗi da jakar katuna, na zama shugaban ɗakin kaya, ni ne kuma dukan ma'aikatansa.

Sabon kocin Nabil sunansa. Turarensa yana riga shi shiga ɗaki, kuma kowa habibi ne a wajensa, har injin wanki. Mudir ya gaya masa magana ɗaya: kofi ba zai bar kabad ɗinsa ba. Da kunnen doki da bugun fanareti da addu'ar iyaye muka rarrafa har wasan ƙarshe na 2014. Da wa? Da kwalejin Issifu. Kowa ya san za su yanka mu.

Saura mako uku, Nabil ya shigo ɗakin kaya da wani dogon baƙin saurayi.

"Amm Garba, baffana, ka tuna Yasir, ɗalibinmu na Sudan? Yana cikin jerin sunaye tun farkon shekara. Ya ji ciwo, yanzu ya warke. Ba shi jesi."

Na tuna Yasir sarai. Sau biyu ya zo atisaye, ya ga ana gumi, ya koma motarsa. Fuska kam, a ɗan hoton kati, za ta iya wucewa wajen mutanen da duk baƙi iri ɗaya ne a idonsu. Amma ni ba fuska nake riƙewa ba. Ni na auna ƙafar Yasir, arba'in da biyu. Wannan da ke gabana arba'in da bakwai yake takawa. Ko a Dubai da ake tashi da safe a ga sabon bene, ƙafa ba ta ƙara lamba biyar cikin wata huɗu.

Na ba shi jesi, na sa ido. A fili kuwa, subhanallahi. In ya karɓi ƙwallo sai ka ga yaranmu suna bin sa kamar kaji. Amma ba wannan ne ya tona shi ba. Ɗaliban kwalejin nan in an tashi, kowa tuɓe but yake ya wurgo inda nake, ko kallona ba ya yi. Wannan kuwa sai ya koma gefen famfo ya wanke nasa da kansa, wani tsohon but mai haƙoran roba da suka suɗe. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya janye shi baya, gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe. Na ba shi ruwa, ya karɓa da hannu biyu. Tafin hannun kuma duk faso, irin na wanda siminti ya ci. Kwana huɗu ina kallon wannan. Rana ta biyar na bari kowa ya fita, na yi magana da Hausa ina ninke tawul.

"Samari, wanda ya yi maka tarbiyya ya cuce ka. Ɗan kwalejin nan ba ya rusuna wa mai wanki."

Burushin da yake wanke but da shi ya tsaya a hannunsa. Ya leƙa ƙofa.

"Baba, don Allah, doucement, a hankali."

"Yauwa. Basudane ya iya Faransanci. Ina ne gida?"

Mamane sunansa, mutumin Damagaram. Lebura ne, tayil yake ɗauka a wani gini, yana kwana a sansanin ma'aikata na Muhaisnah, inda ake ce wa Sonapur. A filin yashin da lebura suke buga ƙwallo ranar Juma'a Nabil ya gan shi. Ya shirya da fomansa yana sakinsa da yamma, ya kuma yi masa alkawarin in ya ci mana kofi zai kai shi gwaji a babban kulob.

"Ka san abin da ake yi wa wanda ya shiga da katin wani a ƙasar nan?"

"Koci ya ce mafi mushkila, wai ba matsala. Ya ce ba sa dubawa."

"In suka duba fa? Koci za a ɗaure a tasa zuwa filin jirgi, ko kai? Kai ne. Da ni, don ni zan miƙa katin in sa hannu. Shi turarensa kawai za a ji."

Ya juya takalmin a hannunsa.

"Baba, shekarata ashirin da bakwai. Tun ina yaro ake cewa zan je wani wuri. Ga inda na je, ina ɗaukar tayil. Sau ɗaya dai in taka ciyawa mutane su gani. Bayan wannan c'est fini, shi ke nan."

Na sami Nabil washegari na ce masa ƙafar Yasir ta girma. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Habibi, kai safa ce aikinka. Af, bizarka ma wata nawa ya rage mata?"

Za ku ce me ya hana ni zuwa wajen Mudir. Abu biyu. Na ɗaya, in na faɗa, sunan Mamane ne zai fara fita, shi da ya riga ya yi kwanaki yana shiga kwaleji da sunan wani. Na biyu, wa ya gaya muku Mudir bai sani ba? Ni dai ban ga alamar ya tambayi yadda Yasir ya warke ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin wasan, bayan an sauko daga masallaci, na shiga wani shagon shayi a Al Buteen, sai ga Issifu ya jawo kujera kamar an aiko shi.

"Bakano, na ji kun samo dogon Basudane."

"Maigida, ni safa ce aikina."

"To saurara, mai safa. Mutanenmu sun sani. Za a zo da mutum daga ofishin gasa. Ba za su ce komai ba sai yaron ya taka fili, katinsa yana tebur da sa hannunka. Daga nan 'yan sanda. Don na koya maka aiki nake gaya maka."

Na dube shi. Wannan fa shi ne mai mayar da bakin raga fadama. Ko dai gaskiya yake faɗa, ko kuma so yake in cire masa da hannuna mutum ɗaya tak da zai iya cin su.

"Rantse."

"Ba na rantsuwa a kan ƙwallo, chale. Sha shayinka."

Kwana uku ina juya maganar kamar but a kan gwiwa. Ta kowane gefe na duba, abu ɗaya nake tararwa: ko Issifu ƙarya yake, katin dai ba na Mamane ba ne. In na ƙi miƙawa a fili, Nabil zai karɓe jakar ya miƙa da kansa, yaron ya shiga. In na yi ƙara, yaron ya shiga uku. Abin da ya rage shi ne kada ya taka filin, kuma kada laifin ya zama na kowa sai na kaya. Laifin kaya kuwa sunan mai shi ɗaya ne.

Ana gobe wasa, Nabil ya ce in sa wa kowa sababbin haƙoran roba, don filin da za a buga na ciyawar roba ne, can bayan gari hanyar sahara. Na tsaya a kan Mamane yana wanke takalminsa.

"Kawo."

"Baba, zan ƙarasa da kaina."

"Ban nemi shawararka ba. Kawo, na ce."

Irin tarbiyyar da ta hana shi ba ni tun farko ita ta hana shi musu yanzu. Ya miƙo da hannu biyu.

Na kulle ƙofa na zauna da shi a kan gwiwa. Na kwance tsofaffin haƙoran, na goge ramukan da tsinke da ƙyalle har suka yi fes. Na ɗauko na ƙarfe sababbi guda goma sha biyu, kowanne na tsoma gindinsa a gam mai haɗi biyu, irin wanda in ya kama sai dai a yanka, na murɗa har mabuɗi ya yi ƙara. Na ɗinke masa wani wuri da ya fara buɗewa a gefen ɗan yatsa, na shafa mai, na ajiye a taga ya sha rana. A shekara shida ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba.

Ranar wasa foman bai sake shi da wuri ba. Saura kwata ya iso a tasi, da ƙaton takalmin aiki a ƙafarsa, ƙura har gira. Nabil yana ta "yalla, yalla". Na miƙa masa jesi da but. Ya ɗaura, ya miƙe, ya taka simintin baranda. Ƙwas.

Na kowa lum-lum yake yi, nasa ƙwas. Ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa ya dubi ƙasan, ya juyo ya dube ni. Ni kuma ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Zai iya kiran koci a nan take. Zai iya kuma laɓewa a ƙarshen layi, don wani alƙalin in ya duba biyar ya gaji sai ya kaɗa hannu a wuce. Mun daɗe a haka, ko kuwa ni na ga daɗewar. Sai ya juya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya wuce kyaftin, ya wuce gola, ya tsaya a farkon layi, ya ɗaga wa alƙali ƙafa sama kamar mai nuna ƙaya.

Alƙalin ya ƙwanƙwasa da biro. Ya ce ƙarfe ne, an hana, ya sauya ko ya zauna.

Ranar na ji Larabcin da ba a koyarwa a Islamiyya. Nabil ya fizge mabuɗin daga wuyana ya durƙusa da kansa, da farin wandonsa, yana murɗawa. Mabuɗin ya lanƙwashe, haƙori bai motsa ba. Ya bi yara ɗaya ɗaya yana tambayar mai arba'in da bakwai. Mafi girma na gola ne, arba'in da huɗu. Ya tura direba kasuwar 'yan China ya sayo, a daidai lokacin da duk Dubai ta taso daga aiki ta hau titi.

"Kai! Kai tsoho! Me ka yi?"

"Koci, a duhun ɗaki duk haƙori iri ɗaya ne."

Na je tebur na miƙa katuna, na sa hannu. Na Yasir yana aljihun ƙirjina. A gefen teburin kuwa akwai wani mutum da farar kandura irin ta Larabawa da baƙar jaka a cinya, wanda ban taɓa gani a wani wasa ba. Duk katin da aka ajiye sai ya leƙa, ya ɗaga kai ya dubi mai shi. Bai yi magana ba, bai buɗe jakar ba. Ko na ofishin gasa ne, ko kawun wani yaro ne da ya rasa wurin zama, Allah masani.

Yaranmu sun yi abin da za su iya. Har hutun rabin lokaci ba a ci kowa ba, sannan numfashi ya ƙare aka zuba mana biyu. Mamane yana kan benci da safa, takalmin a cinyarsa, bai ɗaga kai ba. Direba ya iso ana rataya wa mutanen Issifu lambobin yabo, ɗauke da but lamba arba'in da biyar.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofishin ma'aikata. Wata mata mai tabarau tana zaune da takarda, Nabil yana gefe.

"Mista Garba, shekara biyar kana wannan aiki. Ba ka san ƙarfe da roba ba?"

Na dubi Nabil. Shi kuma agogonsa yake kallo kamar yau ya saya. Ya san na sani, na san ba zai so in buɗe baki ba, amma in na buɗe ba shi kaɗai zai faɗi ba.

"Madam, tsufa ne. Ido ya tafi."

Na sa hannu a takardar da ta ce ni, Garba, ban iya bambanta haƙori ba. Ni da nake gane lambar takalmi daga sawu a yashi. Aka karɓe mabuɗin ɗakin kaya, aka ba ni tiyo in riƙa ba ciyawa ruwa har bizata ta ƙare a farkon 2015, ba a kuma sabunta ba. Nabil ma bai ga wata kakar ba. An ce ƙungiyar ta sake tashi daga baya, ban bi diddigi ba.

Akwai aiki ɗaya da ya rage. Na lalata wa mutum takalminsa ɗaya tilo, don haƙorin ƙarfe ba ya aiki a filin yashi mai tsakuwa. Wata Juma'a da hantsi na hau bas zuwa Sonapur da zarto da ƙaramin abin huji. Na same shi yana shanya kayan aiki a kan waya. Na zauna a bakin ɗakinsu na yanke haƙoran ɗaya bayan ɗaya, na huda, na dasa na roba. Bai ce na gode ba, bai zage ni ba. Ya kawo mini shayi, ya tsuguna yana kallo. Sai da na gama ya yi magana.

"Baba, da na shiga, da gaske kama ni za su yi?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?"

"Wallahi ban sani ba. Sa mu gani in ya zauna."

Ya sa. Takalmin ya zauna. Ana kiran sa daga filin yashi, ya tafi.

Tambayar nan tasa na ɗauka na kai wa mai ita. Ana jibi zan taho gida, Issifu ya zo taya ni haɗa kaya, yana ta ƙorafin na cika tarkace.

"Maigida, yanzu ba ni da aiki, ba ni da biza, kofi yana kabad ɗinku. Ba abin da zan iya yi maka. Faɗa mini don Allah: mutumin nan mai baƙar jaka, na ofishin gasa ne?"

Ya ci gaba da danna kaya da gwiwa.

"An kama yaron?"

"A'a."

"An kama ka?"

"A'a."

"To me kake nema kuma, Bakano? Riƙe nan in ja zip."

Yanzu ya koma Kumasi, ya tsufa, tumbin ya zube. Duk Salla yana kirana a waya, ina kuma amsawa, mu gaisa har da tambayar jikoki. Amma in ya ce mini ana ruwa a garinsu, sai na tambayi wani.